Ana iya hasashen mako guda, amma na awa ɗaya ya gagara?

Sale_Gini ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu aikin hasashen yanayi ce, ko duk wanda ya san kan abin.

Ni mai kula da ma'aikata ne a wurin ginin bene, kuma ƙugiyar ɗaga kaya tana ƙarƙashin kulawata, irin doguwar nan da ake kafawa a jikin gini. Direbanta yana can sama cikin ɗan ɗakinsa. Idan iska za ta taso, ba maɓalli ɗaya ake dannawa a ce an tsaya ba. Sai an sauke kayan da ke rataye, an janyo bakin ƙugiyar da ake rataye kaya kusa da hasumiya, an saki birkin juyawa domin hannun ya riƙa bin iska, sannan direba ya sauko ta tsani. Ga masu ɗaurin rodi da kafintoci a hawa na sama, su ma sai an sauko da su, an danne katako da kwano kada iska ta kwasa. Duk wannan yakan ci kusan rabin awa, in dai ba gaggawar da za ta jawo wani hatsarin za a yi ba.

Akwai ma'aunin iska a saman ƙugiyar, amma shi abin da ya riga ya iso yake faɗa. Manhajar wayata kuma sai ta ce yiwuwar ruwa kashi 40 cikin 100, tun safe har dare, wannan kuwa bai gaya mini in tsayar da aiki ko in ci gaba ba. Tun da ƙugiya ta faɗi a Masallacin Harami na Makka a watan Satumba na 2015 ana tsakiyar iska da ruwa, aka rasa fiye da mutum 100, hankalina ba ya kwanciya idan na ga gefen sama ya yi duhu alhali akwai mutum a sama.

To ga tambayar. Yaya aka yi ake iya cewa za a yi zafi ko sanyi nan da kwana biyar kuma a dace, amma ba a iya cewa hadari zai sauka a wuri kaza nan da awa ɗaya? Radar, tauraron ɗan'adam da manyan kwamfutocin da ake ta faɗa, wanne ke yin me? Wanne ya kamata irina ya riƙa kallo?

Malam_Garba ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam Sale. Na daɗe ina aiki a ɗakin hasashe, kwanan dare da yini, kuma abin da ka tambaya shi ne ya fi ba mu wahala a aikin gaba ɗaya. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri.

Mu fara da girman abin. Iskar da ke kawo zafi ko sanyi na kwanaki tana da faɗin kilomita dubu ko fiye, kuma tafiyarta a hankali take. Ko da ma'aunanmu sun yi nisa da juna, za su kama ta. Hadari guda kuwa faɗinsa bai cika wuce kilomita 10 zuwa 20 ba, kuma daga tasowarsa zuwa mutuwarsa sau da yawa minti 30 ne zuwa awa ɗaya. An san wannan tun binciken da aka yi a Amurka a 1946 da 1947, lokacin da matuƙa suka riƙa kutsawa cikin hadari da jiragen soja ana ɗaukar awo. Balan-balan ɗin da ke auna zafi, danshi da iskar sama kuwa sau biyu a rana ake sakinsa a yawancin tashoshi, kuma tsakanin tasha da tasha akwai ɗaruruwan kilomitoci. Ka ga ke nan hadari zai iya tasowa, ya yi ɓarnarsa, ya mutu, duk a tsakanin tashoshi biyu da awo biyu. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma haka ne, ranar hadari mukan gane ta tun jiya ko shekaranjiya, daga yawan danshi da yadda iskar ƙasa ta fi ta sama zafi. Abin da ba ya ganuwa tun Laraba shi ne kan wa zai sauka, da ƙarfe nawa.

Radar ita ce idonmu na kusa. Tana harba siginar rediyo, ɗigon ruwa da ƙanƙara su mayar mata da ita. Daga lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta dawo ake sanin nisa, daga ƙarfinta ake sanin yawan ruwan. Ta zamani, mai amfani da hanyar Doppler, tana kuma faɗin ko ɗigon yana matsowa ko yana nesantar ta, da saurin nawa, wato tana ganin iskar da ke cikin hadarin. Da haka ake gane hadarin da ya fara juyawa. Amurka ta kafa irin waɗannan kimanin 160 a shekarun 1990, sannan zuwa 2013 ta gama ƙara musu wani abu mai amfani ƙwarai: harba siginar a kwance da kuma a tsaye lokaci guda. Babban ɗigon ruwa idan yana faɗowa yakan baje, faɗinsa ya fi tsayinsa, ƙanƙara kuwa tana wulwulawa, don haka radar ke ganinta kamar dunƙule. Da wannan bambancin muke raba ruwa da ƙanƙara, har ma a gane tarkacen da guguwa ta ɗaga sama.

Amma tana da gurgunta uku da ya kamata ka sani, domin manhajar waya ba za ta faɗa maka ba. Na ɗaya, duniya a lanƙwashe take, siginar kuwa kusan a miƙe take tafiya. A nisan kilomita 100 mafi ƙasan harbinta ya riga ya kai tsayin kusan kilomita ɗaya da rabi daga ƙasa, a nisan kilomita 200 kuma ya kai kusan kilomita huɗu. Iskar da za ta bugi ƙugiyarka tana can ƙasa da wannan, radar da ke nesa ba ta ganinta sam. Na biyu, radar da zangon siginarta gajere ne, irin ta santimita 5 da ƙasashe da yawa ke amfani da ita, ruwa mai ƙarfi yana cinye siginarta, sai hadarin da ke bayan wani hadarin ya bayyana kamar mai rauni alhali ba haka yake ba. Na uku shi ne babba: ba ta ganin hadari sai ɗigo ya ƙullu a cikin gajimare. Daga lokacin da alamar farko ta fito a allo zuwa saukar ruwa mai ƙarfi, wani lokaci bai wuce minti 15 zuwa 20 ba, ita kuma takan ɗauki minti 4 zuwa 6 kafin ta gama zagaye ɗaya daga ƙasa zuwa sama.

Don haka idan hadari ya riga ya ƙullu, ya jeru, yana tafiya, aikinmu da sauƙi. Mu duba hotuna uku ko huɗu a jere, mu ga saurinsa da inda ya dosa, mu ce zai iso wuri kaza nan da minti 40. Wannan hanyar, duk da sauƙinta, takan fi lissafin manyan kwamfutoci dacewa a awar farko, wani lokaci har ta biyu. Wanda ke kayar da mu shi ne hadarin da bai wanzu ba tukuna, wanda zai tsiro a kanka.

A nan tauraron ɗan'adam ke shigowa. Yana can nisan kusan kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya, yana juyawa daidai da juyawarta, don haka wuri ɗaya yake kallo kullum. Yana auna sanyin saman gajimare, dare da rana. Gajimaren da ke hawa da sauri samansa yana ƙara sanyi da sauri, kuma ana iya ganin wannan tun radar ba ta ga ɗigo ko ɗaya ba. Idan na ga tsiron gajimare ya huda saman sauran, sanyinsa ya wuce digiri 70 ƙasa da sifiri, na san akwai iska mai tsananin ƙarfi da ke hawa a cikinsa. An samu ci gaba na gaske a nan. Himawari-8 na Japan ya fara aiki a 2015 yana ɗaukar hoton rabin duniya kowane minti 10. GOES-16 na Amurka, wanda aka harba a Nuwamba 2016, ya zo da ikon ɗaukar ƙaramin yanki kowane minti ɗaya. Tsoffin Meteosat da ke kallon Turai da Afirka kowane minti 15 suke yi, sabon da aka harba a Disamba 2022 kuwa kowane minti 10, kuma yana ɗauke da kyamarar da ke ƙirga walƙiya. Wannan kyamarar ina ji da ita ƙwarai, domin walƙiyar cikin gajimare takan ƙaru farat ɗaya mintoci kafin ƙanƙara ko iska mai ɓarna ta sauka ƙasa. Gazawarsa ita ce saman gajimare kawai yake gani. Da zarar babban hadari ya baza rumfarsa, duk abin da ke tsirowa a ƙarƙashinta ya ɓuya.

Sai lissafin kwamfuta. Ana yanka sararin sama gida-gida, a saka awon da aka samu, kwamfuta ta lissafa yadda kowane gida zai canza. Na cibiyar Turai da ke Reading a Ingila, wanda ya shahara a hasashen kwanaki, faɗin gidansa kusan kilomita 9 ne, hadari guda kuwa bai fi gida ɗaya ko biyu ba a wurinsa, sai dai ya ƙiyasta shi. Shi ya sa aka yi masu ƙananan gidaje na yanki: na Amurka mai suna HRRR kilomita 3 ne, ana sabunta shi kowace awa tun 2014, yana kuma haɗiye bayanan radar. Na Faransa kilomita 1.3, na Birtaniya kilomita 1.5. Waɗannan suna zana hadari kamar gaske, har mutum ya ruɗu. Sukan dace da irin hadarin da za a yi, mai ƙanƙara ne ko mai iska, a jere zai zo ko a warwatse. Amma su sa shi kilomita 40 gefe, ko su makara da awa ɗaya, ba abin mamaki ba ne. Masanin yanayi Edward Lorenz ya nuna tun 1969 cewa kuskure a ƙananan abubuwa ya fi saurin girma, kuma har yau ba wanda ya tsallake wannan. Ƙari a kan haka, kafin a tattara awo, a yi lissafin, a aiko mana, awa ɗaya ta tafi.

Ka ga inda ramin yake: daga awa ɗaya zuwa uku. Bin sawun radar ya fara lalacewa, lissafin kwamfuta kuma bai gama kama abin da ke faruwa yanzu ba. Duk ƙoƙarin da ake yi yau na cike wannan ramin ne. Cibiyar binciken hadari da ke Norman a jihar Oklahoma tana gwada tsarin da ke shigar da radar da tauraron ɗan'adam kowane minti 15, ya yi lissafin sau da yawa a lokaci guda da ɗan bambanci, sai a ga a nawa daga ciki hadarin ya bi ta kanka. A Japan, lokacin wasannin Olympics na Tokyo a 2021, an yi gwajin hasashen da ake sabuntawa kowane daƙiƙa 30, da radar mai saurin zagaye da babbar kwamfutarsu Fugaku.

A nawa ganin, abin da ya fi ƙaranci ba ƙarfin kwamfuta ba ne. Awon danshi da iska ne a kilomita ɗaya ko biyu na farko daga ƙasa, domin a can ake yanke hukuncin inda hadari zai tsiro, kuma can ne muka fi makanta.

Rabi_A ta amsa:

Malam Garba, Allah ya ƙara basira, bayanin ya yi. Ni a ɓangaren kai ɗauki na gaggawa nake aiki, kuma ina so in ƙara abin da muke gani daga namu gefen: sau da yawa hasashen ya yi daidai, amma mutane sun mutu duk da haka.

A Joplin da ke jihar Missouri ta Amurka, ranar 22 ga Mayu 2011, an fitar da gargaɗin tonado, wato guguwa mai juyawa da tsananin ƙarfi, mintoci kafin ta sauka, jiniya ta yi kuka, amma fiye da mutum 150 suka rasu. Da hukumar yanayinsu ta bi sawu ta tambayi waɗanda suka tsira, sai ta tarar da yawansu ba su nemi mafaka da jin jiniyar farko ba. Sun tsaya neman tabbaci, wani ya leƙa waje, wani ya kunna talabijin, wani ya kira ɗan'uwa, saboda sun saba jin jiniya ba tare da komai ya faru ba. Kuma ba za ka ga laifinsu sosai ba, domin kusan kashi 70 cikin 100 na gargaɗin tonado a ƙasar ba a ganin guguwar bayansa. Bayan wannan ne suka sauya lafazin gargaɗin, suka fara faɗin irin ɓarnar da za a yi da abin da mutum zai yi, maimakon sunan abin kawai.

A Jamus, a tsakiyar Yuli 2021, an yi hasashen ruwa mai yawa tun kwanaki kafin ambaliyar, amma fiye da mutum 180 suka rasu, yawancinsu a kwarin kogin Ahr. A lokacin ƙasar ba ta da tsarin da ke aika gargaɗi kai tsaye zuwa duk wayar da ke yankin, sai bayan abin aka kafa shi. A Valencia ta Sifaniya, ranar 29 ga Oktoba 2024, hukumar yanayi ta sa jan gargaɗi tun da safe, amma saƙon wayar bai isa ga jama'a ba sai bayan ƙarfe 8 na dare, lokacin ruwa ya riga ya ci garuruwa. Fiye da mutum 200 aka rasa. Waɗannan ƙasashe ne masu radar da kwamfutoci na gani na faɗa. Mintocin da masana suka yi shekaru suna fafutukar samowa, sai su zube a tsakanin ofis da ofis, ana jiran wanda zai sa hannu.

Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a 2022 na ganin gargaɗin gaggawa ya isa ga kowa a duniya kafin ƙarshen 2027, kuma rabin aikin ba na na'ura ba ne, na isar da saƙo ne da shirya mutane.

Malam Sale, shawarata gare ka ita ce wannan matsalar kada ta samu gurbi a wurin aikinka. A rubuta tun yau wa ke da ikon cewa a tsaya, kuma kada ya zama sai ya nemi izinin wanda ba ya wurin. A kuma amince tun farko cewa za a riƙa tsayawa wani lokaci hadarin ya bi ta gefe. Idan duk ranar da hakan ta faru aka yi wa mai kula faɗa kan asarar awa ɗaya, wata rana zai yi shiru a lokacin da bai kamata ba.

Nura_K ya amsa:

Ina gaida manya. Ni ɗalibi ne a fannin kwamfuta, ina ganin ba a taɓo ƙirƙirarriyar basira ba, kuma a nan take taka rawa sosai. A 2021 kamfanin DeepMind tare da hukumar yanayi ta Birtaniya sun wallafa wani aiki a mujallar Nature, inda suka koya wa kwamfuta daga hotunan radar na shekaru ta riƙa zana yadda ruwa zai kasance har zuwa minti 90 gaba. Sun ba masana hasashe fiye da 50 su kwatanta shi da sauran hanyoyi, kuma a mafi yawan lokuta shi suka zaɓa. Amfaninsa shi ne sauri, cikin daƙiƙoƙi yake ba da amsa, ba sai an jira awa ɗayan da Malam ya ambata ba, kuma yana koyon yadda hadari ke girma da mutuwa, ba tura shi gaba kawai ba. Cibiyar Turai ma ta fara amfani da nata tsarin na ƙirƙirarriyar basira a hukumance a Fabrairu 2025. Malam Garba, ba ka ganin wannan zai cike ramin da ka ce?

Sale_Gini ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya Rabi, maganarki ta shige ni, zan kai ta ga shugabannina a rubuce. Malam Garba, saura biyu. Shi kashi 40 ɗin nan me yake nufi takamaimai? Sannan idan na buɗe hoton radar a waya, a wane nisa zan ce a fara sauke kaya? Ina son abin da zan iya koya wa mataimakina ya yi ko ba na nan.

Malam_Garba ya sake amsawa:

Nura, ɗana, na karanta aikin kuma ina murna da shi, zai rage ramin babu shakka. Damuwata biyu ce. Abin da ya koya daga gare shi yake iya maimaitawa, hadarin da ke kashe mutane kuwa shi ne wanda ba a cika gani ba, misalansa kaɗan ne a cikin abin da aka koya masa. Sannan radar ce abincinsa. Inda ba ta, ko inda harbinta ya wuce saman abin, shi ma bai ga komai ba. Ku da kuke tasowa, in kuna son yin aikin da zai amfani mutane da yawa, ku koya masa aiki da hoton tauraron ɗan'adam da walƙiya, domin su ne suka rufe duniya.

Malam Sale, kashi 40 yana nufin a irin wannan yanayin, cikin kwanaki goma masu kama da yau, a huɗu ruwa zai taɓa wurin da kake a cikin lokacin da aka ambata. Bai ce komai kan ƙarfin ruwan ba, bai kuma ce komai kan iska ba. Amfaninsa gare ka ɗaya ne: ya gaya maka da safe cewa yau ranar sa ido ce, kada a tsara ɗaga kaya masu faɗi da la'asar, irin allunan da iska ke kamawa.

Kafin lissafin nisa, akwai abin da nake so ka riƙe fiye da komai. Iskar da za ta cuce ka ba tare da ruwa take zuwa ba, gabansa take. Ruwa da ƙanƙara suna sanyaya iskar cikin hadari, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, ta baje ta kowane gefe. Gaban wannan iskar mai sanyi yakan riga ruwan da kilomita 10, wani lokaci 20 ko fiye. Jajayen launukan da kake gani a manhaja ruwa ne, iskar ta riga su yin gaba. Idan radar tana kusa, takan bayyana kamar siririn zare mai rauni a gaban hadarin, amma manhajoji da yawa suna goge shi a matsayin datti. Da ido kuwa za ka gan ta: ƙura ta taso a layi, ko gajimare mai kama da kanta ya kwanto ƙasa-ƙasa a gaban duhun, ko ka ji iska ta yi sanyi ta sauya gefe. Akwai kuma mai faɗowa wuri ɗaya da ƙarfi, faɗinta bai kai kilomita 4 ba, ta yi minti biyar zuwa goma ta wuce. Masanin yanayi Ted Fujita ne ya gano ta bayan faɗuwar wani jirgin fasinja a New York a 1975, mutane da yawa ba su yarda da shi ba da farko, sai da irinta ta sake kayar da wani a Dallas a 1985 aka dage da kafa radar ta musamman a manyan filayen jiragen Amurka. Tana iya faɗowa daga gajimaren da ruwansa ke bushewa kafin ya taɓa ƙasa, don haka rashin ja a allo ba shaidar lafiya ba ce.

Yanzu lissafin. Ka ce kana bukatar rabin awa. Hadarin da ke tafiyar kilomita 40 a awa zai ci kilomita 20 a wannan lokacin. Ƙara kilomita 10 na iskar da ke gabansa. Hoton da ke wayarka kuma ya tsufa da minti 5 zuwa 10 kafin ya iso, ka duba lokacin da aka rubuta a jikinsa, wannan wasu kilomita 5 ne. Ka ga an kai 35. Ni da ni ne, zan zana da'ira biyu a taswira da wurin aikin a tsakiya. Ta kilomita 60, idan hadari ya shigo ta yana dosowa, a daina fara sabon ɗagawa, a sanar da direba. Ta kilomita 35 zuwa 40, a sauke komai. Kada mataimakinka ya kalli hoto ɗaya, ya kunna jerin na awar da ta wuce ya ga tafiyar, ya kuma lura ko sababbi suna tsirowa a gefen da ke fuskantarku. Idan hadarin ya jeru layi guda, yakan fi wannan sauri, sai a faɗaɗa da'irar.

Walƙiya dokarta daban, domin ƙugiyarka ita ce mafi tsayi a wurin. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, kuma ba a cika jin tsawa daga nesa da kilomita 15 ba. In kun ji ta, kun riga kun shiga inda za ta iya sauka. Bayan ta wuce, a jira minti 30 daga tsawar ƙarshe kafin kowa ya hau, ko da rana ta fito.

In wurin aikin yana inda babu radar, ko tana nesa fiye da kilomita 150, ka koma ga hoton tauraron ɗan'adam mai nuna sanyin gajimare tare da taswirar walƙiya, ka ƙara faɗin da'irar, domin hoton yakan ɗan kauce daga ainihin inda hadarin yake. Ka kuma tuntuɓi hukumar yanayi ta ƙasarku ka tambaya ko suna ba wuraren aiki gargaɗi na musamman. Da yawa suna yi, kamar yadda suke yi wa filayen jiragen sama. Ka gaya musu tsayin ƙugiyar, iyakar iskar da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta, da rabin awan da kake bukata, domin da waɗannan ukun mai hasashe zai san lokacin da zai ɗaga waya ya kira ka.